Iska a cikin ƙashin baya: abin da ma'aikatan lafiya suka ce a Gombe

Da yammacin wata Asabar muka zauna da wasu ma'aikatan lafiya a Gombe, hira ta kai mu kan wani dattijo mai ciwon suga da aka yi wa hoton CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka), sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a kewayen lakarsa. Iska ce. Ga abin da na tsinta.

Sun ce ganin iska a wurin ba kullum ne abin tashin hankali ba. Haɗarin mota ko allurar kashe zafi ta baya kan jawo ta, kuma sau da yawa jiki ya shanye ta da kansa. Abin tsoro shi ne idan ta zo da zazzaɓi da ciwon baya mai hana barci, babu rauni, babu allura. A nan ake zargin ƙwayoyin cuta masu fitar da iska, irin su E. coli da Klebsiella, waɗanda kan taso daga mafitsara ko gyambon kwanciya, musamman ga mai suga.

Shawarar da suka fi nanatawa: kada a tsaya ƙaho ko tsaga, ko sayen ƙwaya a kemis. A nufi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a ɗebi jini don gano ƙwayar cutar, a yi MRI, wani hoton cikin jiki mai nuna laka sosai, a ga ko mugunya ta danne ta. Maganin kashe ƙwayar cutar kan kai mako 6, farko ta jijiya.

Idan ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya tsaya, a tafi ko da tsakar dare ne, don tiyata ce ke gaba.