Wane suna za mu ba abin da walda ke bari a cikin ƙarfe?

Masu walda da injiniyoyinmu na Jos, ku matso kusa. Ana neman sunan Hausa na abin da Bature ke kira residual stress.

Idan aka yi walda, wurin da ya narke yana son ya tsuke yayin da yake hucewa, ƙarfen gefensa da bai sha wuta ba kuma ya hana shi. Sai wani sashe ya zauna a ɗame, wani a matse, alhali ba a ɗora wa ƙarfen komai ba. Wanda ya taɓa yanka farantin ƙarfe da giranda, bakin yankan ya rufe ya cije masa faifai, ya san aikinsa. A Janairun 1943 jirgin dakon mai Schenectady ya rabe gida biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka. Sanyi ya sa ƙarfen gautsi, abin da walda ta bari a ciki kuma yana cikin abubuwan da aka zarga da ƙarasa shi.

Wani ya kawo "damuwar ƙarfe". Haba Malam, ƙarfe hawan jini gare shi?

"Ragowar matsi" ta fi, amma rabin zance ce. Matsin ma alheri ne, har da gangan ake feshe ƙarfe da ƙananan ƙwallaye don a sa masa shi. Ja shi ne mai buɗe tsaga.

Wani dattijo a unguwar Dilimi ta nan Jos ya ce, "Ɗana, mu dai cewa muke walda ta ja." Gaskiyarka Baba, sai dai lanƙwasar da ido ke gani kake nufi. Namu yana nan ko da ƙarfen ya miƙe sambal.

Ni na tsaya a kan "kwantacciyar ja-in-ja", don ɓangarorin biyu ne ke riƙe da juna, babu mai rinjaye. Ku ji ta a aiki: ana auna kwantacciyar ja-in-ja ta hanyar manna ma'auni a jikin ƙarfe, a huda ɗan rami, a ga yadda gefensa ya saki, ana hasashenta da kwamfuta tun kafin a kunna injin walda, ana rage ta idan aka gasa ƙarfen zuwa wajen digiri 600 aka bar shi ya huce sannu a hankali.

Aibinta tsawo. Malamanmu na cibiyar binciken ƙarafa da ke nan Jos, in kuna da gajeriya wadda ta haɗa ja da matsi, bismillah.