Shawarwari kan mura da rufaffen ɗaki a lokacin hunturu

A majalisarmu ta Tudun Wada an daɗe ana dora laifin mura kan sanyi, har wata ma'aikaciyar jinya ta warware mana zancen. Mai mura ko korona yana fitar da ƙwayoyin cutar cikin numfashi da magana, ko bai yi tari ba. Ƙananan suna shawagi kamar hayaƙin turaren wuta, su taru in ɗaki a rufe yake. Ƙwayar ƙyanda ma takan kai awa 2 a iska bayan mai ita ya fita.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, iska ta ratsa. Masu kukan ƙurar hunturu aka ce su riƙa buɗewa jifa-jifa. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi, haka ma yawancin na'urorin sanyaya ɗaki. A ganina ajujuwan Islamiyya masu cunkoso ne suka fi buƙatar wannan.

A bas ɗin Kawo kuwa, a sauke gilashi, mai tari ya sa takunkumi.