Neman kalma: ɗakin da Hilus ke ja, me za mu kira shi?

Maman Nana: Assalamu alaikum. A taimaka min, ranar Alhamis da safe zan miƙa aiki ga masu ɗab'i. Ina fassara ɗan littafin gargaɗi ne na direbobin wani kamfanin safiyo. Sun kawo wasu ɗakuna masu taya, da gado da murhun gas da tankin ruwa a ciki, ba su da inji, Hilus ce ke jan su daga Abuja zuwa daji a nan Filato. Littafin na Amurka ne, sunan abin a ciki "camping trailer". Sai kuma "hitch", da "tongue weight", da "sway". Huɗun nan sun hana ni barci. Direbobin 'yan Farin Gada ne da Bukur, Hausar tasha suke so.

Abba Gangare: Tirelar kwana. An gama.

Direban Hilus: Kai Abba, ka ce wa direba tirela, DAF zai gani a ransa, kai da bodi, buhun siminti ɗari shida. Ba zai taɓa kawo wannan ƙaramin abin ba.

Anti Larai: Ai muna da kalmar tun tuni: tafi-da-gidanka. Kafin wayar hannu ta ƙwace sunan, motar da mutum ke kwana a cikinta ake nufi.

Abba Gangare: Anti, yau in kin ce tafi-da-gidanka, ko waya za a ɗauka ko kotun da 'yan kiyaye haɗurra ke kafawa a bakin titi. Direba ya ga wannan a bangon littafi sai gabansa ya faɗi.

Malam Mai Nahawu: Wa alaikumus salam. Abin takaici, tun amsar farko an ruga wurin Bature aro. Kakanninmu fatake sun yi ta kai goro daga Gwanja, ayari guda, madugu na gaba, inda suka sauka su kwana sunansa zango. To abin da ake ja domin a yada zango da shi, me ya hana a ce KARUSAR ZANGO? Ga ma'ana, ga daɗin faɗa, ga tarihi. Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Direban Hilus: Allah ya gafarta Malam, karusa ai sai Sarauniyar Ingila. Ranar da na ce wa yaran gareji su ɗaura min karusa, har in mutu sunana Mai Karusa.

Anti Larai: Kuma Malam, karusar ma ta hanyar Larabci ta shigo mana. Mota, birki, giya, taya, sitiyari, totur, wanne ne na kakanninmu? Duk da su za a rubuta littafin nan.

Malam Mai Nahawu: Aron da ya kwana biyu ya zama ɗan gida. Ku buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ku buɗe ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006, ku ga yadda ake tace kalma kafin a ba ta masauki. Amma ba laifinku ba ne. Garin da ake cewa "mota ya zo" ba a nan za a yanke wa Hausa hukunci ba.

Abba Gangare: To fa! An zo wurin. Malam, wannan "mota ya zo" ɗin ita ce ta haɗa Birom da Angas da Bafulatani da Ibo a kasuwar Taminus ta Jos. Hausar Kano ba ta yi wannan aikin ba.

Malam Mai Nahawu: Ni ban ambaci Kano ba.

Abba Gangare: Ba sai ka ambata ba, mun ji ƙamshinta.

Maman Nana: Don Allah Malam, don Allah Abba. Ban da lokacin wannan. A bar sunan ɗakin tukuna, sauran ukun su ne masu kisa.

Oga Bala Makaniki: Hajiya, bari in faɗa miki yadda abin yake, ke kya zaɓi kalma. A bayan motar akwai dunƙulen ƙarfe kamar lemon zaƙi ƙarami, mu ƙwallo muke ce masa. Bakin tirelar yana da kofi da ke hawa kan ƙwallon, a danna marfi a sa fil. Ƙwallon Amurka na inci 2 ne galibi, akwai kuma na inci 2 da 5/16 na manya, na Turai kuwa milimita 50. Inci 2 milimita 50.8 ne, da ido ba ki bambance su, amma ba ɗaya ba ne. Girman yana rubuce a kan ƙwallon da kan kofin, direba ya karanta da idonsa. Sannan sarƙoƙi biyu, a gitta su a ƙarƙashin bakin tirelar, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda in kofin ya fita zai faɗa kansu ya zauna, ba zai caki kwalta ba.

Anti Larai: To "hitch" a ce ƙugiya.

Oga Bala Makaniki: A'a Anti, ƙugiya daban, tana jikin sarƙa. Kika ce ƙugiya wani zai zo da igiyar janwe.

Maman Nana: Na sa "mahaɗi", ƙwallo da kofi kuma kowanne da sunansa. "Tongue weight" fa? Manhajar fassara ta ba ni "nauyin harshe".

Abba Gangare: Wannan ai ciwon Malam ne ba ya da shi, hahaha.

Direban Hilus: Nauyin da goshin tirelar ke ɗora wa ƙwallo ke nan. Littattafan Amurka cewa suke ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka. In da kayanta kilo 1,500 ce, to kilo 150 zuwa 225 ya danne ƙwallon. Shi ya sa ake loda wajen kashi 60 na kaya a gaban taya. Matsalar mutanenmu, janareta da jarkokin ruwa a can ƙarshen baya suke jibge su don sauƙin saukewa. Goshi ya yi sakayau, bayan mota ya ɗaga, kana kai wani gudu ko babbar mota ta wuce ka da iska, sai wutsiyar ta fara kai dama kai hagu. Wannan shi ne "sway" ɗin naki. In kuma goshin ya yi nauyi fiye da kima, tayoyin gaban mota ne za su saki ƙasa, sitiyari ya zama na banza.

Malam Mai Nahawu: Sunansa rangaji. Ko tangaɗi.

Direban Hilus: Rangaji na amare ne, Malam. Tangaɗi kuwa na mashayi, jiki duka ke yi. Wannan daga baya yake farawa. Kaɗa wutsiya dai. Kuma Hajiya ki rubuta da manyan baƙi: in ta fara, kada ya taka birkin mota da ƙarfi, kada ya bi ta da sitiyari. Ya riƙe sitiyari sak, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali. In tirelar mai birkin lantarki ce, akwai ɗan maɓallinsa kusa da direba, ya matsa shi da hannu, birkin tirelar kaɗai zai kama ya miƙar da ita. Ki ƙara musu da Hawan Kibo ko da babu a littafin. In za su koma Abuja, tun kafin gangaren ya sa ƙaramar giya, inji ya riƙe nauyin. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina ci.

Maman Nana: Allah ya saka da alheri. Na ɗauki "nauyin goshi" da "kaɗa wutsiya". Saura sunan ɗakin.

Malam Mai Nahawu: Karusar zango tana nan tana jira.

Anti Larai: A raba gardama. Tirelar zango. Rabi naka Malam, rabi na Abba.

Direban Hilus: Ni dai a tasha "ɗan ɗaki" za su ce ko me kuka buga. Amma in akwai hoto a gefe, tirelar zango ba laifi.

Abba Gangare: Tirelar kwana ta fi, amma na haƙura.

Maman Nana: Shi ke nan. A shafin farko zan rubuta "tirelar zango, wato ɗaki mai taya da ƙaramar mota ke ja", daga nan sai tirela kawai. Akwai wata siririyar waya da ke kama birkin tirelar in ta tsinke daga mota, ita ban ma tambaya ba, jimla guda zan yi mata in wuce.

Malam Mai Nahawu: Agola kuka haifa, uwa Bahaushiya uba Bature, kuma ni ba zan koyar da ita ba. Amma ki turo min shafukan in duba miki ƙa'idar rubutu, kada masu ɗab'in nan su buga mana ƙwallo babu lanƙwasa.