Ɗana zabiya ne: ƙwayoyin tsirrai zan saya ko man kariyar rana?

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana zabiya ne, shekararsa 9. Saman kunnensa da ƙeyarsa sun fara yin ja da kaushi. Wata ta tallata min ƙwayoyin koren shayi da na tumatir, wai tun daga ciki suke kare fata daga sankara, ba sai an shafa mai ba. Kuɗina ɗaya zai iya ɗauka duk wata. Wanne zan saya?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ki yawaita ba shi karas da ganyaye. Jikokina da shi na raine su, fatarsu lafiya lau.

Maman Yara: Hajiya, su ma zabiya ne?

Hajiya Babba: A'a, amma fata ai fata ce.

Babban Yaya: 'Yar uwa, don girman Allah kar ki ajiye man. Ƙanena haka aka yi masa daɗin baki, ya koma shan ƙwayoyi yana shiga rana kai ba malafa. Wani ɗan gyambo ya fito masa a leɓen ƙasa, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya sake jini. Kullum da safe akwai ɗigon jini a matashinsa. Mai ƙwayar ta ce dattin jiki ne ke fita, ya ƙara yawan da yake sha. Kafin mu kai shi asibiti sankara ta ci wurin, sai da aka yanke kusan rabin leɓen. Yanzu in ya sha ruwa zubowa yake ta gefe. Ita kuwa ta daina ɗaga wayarmu.

Ɗan Auta: Da tumatir na maganin rana ai da shi kansa bai bushe ba in an shanya shi.

Anti Nas: Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Maman Yara, kaushin nan likitan fata ya kamata ya gani tun yanzu. Sinadarin karas an gwada shi a Amurka kan mutum sama da 1,800, sakamakon 1990 ya nuna bai rage sankarar fata ba. Maganin sha da ya ɗan nuna amfani shi ne wani nau'in bitamin B3: a Ostireliya a 2015 ya rage sabuwar sankara da kashi 23 cikin ɗari, amma a manyan da suka taɓa yin cutar aka gwada, ba yara ba. Ki sayi man kariyar rana mai lambar SPF 50 (ma'aunin ƙarfin kariyarsa ke nan), a sake shafawa duk bayan awa biyu, da malafa da riga mai dogon hannu.

Hajiya Babba: Ku komai sai abin da Bature ya auna. Mu da muka raini yara ba mu san komai ba ke nan?

Anti Nas: Ba raini ba ne, Hajiya. Ni ke wanke irin gyambon nan.

Abu Yasir: Man ya ninka ƙwayar sau uku a kuɗi, ku faɗi gaskiya.

Ummu Biyu: Ni kam man ya fi min araha nesa ba kusa ba.

Abu Yasir: To duba kwalbarki da kyau, jabu ya yi yawa.

Ummu Biyu: Ni abin da ya fi ci min rai makaranta ce. Na shafa wa 'yata mai, na sa mata malafa, malami ya cire wai ba ta cikin yunifom, ya tsayar da su a filin taro har rana ta take. Ta dawo wuya jajur, ko taɓawa ba ta bari a yi.

Babban Yaya: Haka suka yi wa ƙanena. Kujerar gaba ma sai da muka yi rigima, alhali ba ya ganin allo daga baya.

Maman Yara: Nawa ma an taɓa ƙwace masa hula. Ummu Biyu, takardar likita kika kai musu ko shugaban makarantar kika samu?