Neman kalma: launin da fenolftalin ke bayarwa

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar gwajin asid da alkali ta 'yan babbar sakandare, ranar Litinin za a buga, kalmar "pink" ta kakare mini. Ga aikin: a zuba asid na HCl mililita 25 a kwalba, a ɗiga fenolftalin (sinadarin da ke sauya launi idan ruwa ya koma alkali) ɗigo 2 ko 3, ruwan yana nan garai. Sai a riƙa sakin alkali na NaOH daga buret (dogon bututun gilashi mai awo) ana kaɗa kwalbar, har launi ya fito ya tsaya daƙiƙa 30. Me zan kira launin nan?

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan hoda mana. Tela ya san shi, mai atamfa a Kantin Kwari ya san shi.

Hajiyar Ɗakin Gwaji: Ruwan hoda kaɗai zai ɓatar da yara, don launin kashi biyu ne. Fenolftalin na fara sauyawa a wajen 8.2 a ma'aunin pH (ma'aunin asid da alkali), kafin 10 ya gama cizawa. Wanda ake nema shi ne na farko, mai rauni, wanda sai an sa farar takarda a ƙarƙashin kwalba ake ganinsa sosai. Idan ya ciza, to an zarce, alkali ya yi yawa, lissafi ya lalace. Dab da ƙarshe ɗigo ɗaya ke raba su, shi ya sa ake rage sakin zuwa ɗigo-ɗigo. Daƙiƙa 30 ɗin ma da dalili: in aka bar kwalbar a buɗe, iskar CO2 da ke sarari na narkewa a ruwan ta zama asid mai rauni, launin ya gushe, yaro ya ɗauka bai kai ba ya ƙara alkali.

Mai Fassara: To "koɗaɗɗen ja" fa?

Hajiyar Ɗakin Gwaji: Abin da ya koɗe launinsa tafiya yake yi, wannan kuwa shigowa yake. Kuma ba jan da aka tsarma da ruwa ba ne: sinadarin na shanye koren haske, mai tsawon zango wajen nanomita 550, ja da shuɗin da suka rage su ido ke haɗawa. Shi ya sa in ya ciza yake karkata wajen shunayya.

Baba Mai Nahawu: Duk kun tsallake tushe. Hoda ba Hausa ba ce, Turanci ce aka lanƙwasa. Muna da ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, kowane abin ƙasarmu ne. Ni dai "ruwan wardi" nake rubutawa, shi ya dace da littafin ilimi.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, wardi ai daga Larabci take. In aro laifi ne, duka biyun sun yi.

Baba Mai Nahawu: Aron da ya daɗe a bakin malamai daban yake da na kanti, ɗana.

Ɗan Damagaram: Mu a makarantun nan "roz" ake ji, daga Faransanci, asalinta kuma sunan furen nan ne, don haka wardi ta fi mana kusa. Ba duk abin da Kano ta faɗa ne Hausa ba.

Mai Fassara: Wa ya kawo zancen Kano kuma? Furen wardi akwai ja, akwai fari, akwai ruwan ɗorawa. Wanne yaro zai hango?

Hajiyar Ɗakin Gwaji: Mu koma kan kwalba, don Allah. Malam, rubuta "ruwan hoda mai haske" ga inda ake tsayawa, "ruwan hoda mai cizawa" ga wanda ya zarce. Na farkon zai sake yi maka aiki a gwajin famanganet, wani sinadari mai launin shunayya, inda ɗigon ƙarshe ke barin irin wannan launi ba tare da an sa fenolftalin ba. A haɗa kwalba biyu a ajiye gaban aji, su ga bambancin da idonsu.

Malamin Kimiyya: Na ɗauka, Hajiya, na gode. Baba, zan sa "ruwan wardi" a jerin kalmomin ƙarshen takarda.

Baba Mai Nahawu: A ƙarshen takarda? To, a sa. Amma ban janye ba.