Neman shawara: wallafawa ko neman birebe, wanne za mu fara?

Sa'adatu: Assalamu alaikum malamai. A jami'armu ta Maraɗi mun haɗa maganin ƙwarin wake daga man ƴaƴan dogon yaro, kuma ya yi aiki a gwaji. Ɗalibina zai kare kundinsa nan da wata biyu, ni kuma ina bukatar wallafawa saboda ƙarin girma a CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Wani ɗan kasuwa yana so mu nemi birebe, wato takardar mallakar ƙirƙira, tukuna. Yaya za mu yi?

Dakta Isufu: Wa'alaikumus salam Malama. Ki shigar da takardar neman birebe tukuna. Sharaɗin farko na birebe shi ne abin ya kasance sabo, kuma kare kundi a bainar jama'a ko maƙala a mujalla duk bayyanawa ne. Da zarar ya fita, sabuntar ta tafi. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar Afirka mai bayar da birebe mai hedkwata a Yawunde, takarda guda tana rufe ƙasashe 17 har shekara 20, da kuɗin sabuntawa kowace shekara. Daga ranar shigarwa kina iya wallafawa, ba sai an ba ki birebe ba. In lokaci ya ƙure, a nemi izinin kare kundin a rufe, masu jarrabawa su sa hannu kan riƙe sirri.

Injiniya Lawali: Ki lura, Najeriya ba ta cikin OAPI. In kasuwarku Jibiya da Katsina ce, dole a shigar daban a Abuja cikin wata 12 daga ranar shigarwa a OAPI. Ki kuma duba kwangilar aikinki, domin abin da aka ƙirƙiro a bakin aiki yawanci na jami'a ne, ba ke kaɗai za ki sa hannu da ɗan kasuwar ba.

Farfesa Hadiza: Ƴar'uwa, abin da ya fi damuna shi ne dogon yaron kansa. Ofishin birebe na Turai ya soke birebe kan maganin dogon yaro a 2000 saboda manoman Indiya sun daɗe suna amfani da shi. Man kansa ba zai samu birebe ba. Abin da zai iya samu shi ne ma'aunin haɗinku ko hanyar da kuka bi har maganin ya daɗe bai lalace ba. Sannan tun dokar Bayh-Dole ta Amurka ta 1980, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar birebe kan binciken da gwamnati ta biya kuɗinsa, daga cikin ɓarnar da aka gani akwai jinkirin wallafawa da hana abokan bincike samfuri. A yarjejeniyarku da ɗan kasuwar ki rubuta iyakar jinkirin, kamar wata uku, da ƴancin jami'a na ci gaba da bincike. Kada ki ba mutum ɗaya lasisin shi kaɗai ba tare da sharaɗin farashin da manomin Tibiri zai iya biya ba.