Neman kalma: me za mu kira "kawunsilin"?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Jibi 1 ga Disamba, ina da shirin rediyo kan damuwar da masu ɗauke da HIV ke shiga. Kalmar Turancin nan kawunsilin, wato zaman da ƙwararre ke yi da mai damuwa don taimaka masa, ta tsaya min a wuya. In na ce kawunsila, za a ɗauka na mazaɓa nake nufi. A taimaka kafin gobe da yamma.

Tafinta: Ba da shawara. Mai ba da shawara. An gama.

Yaya Nas: Shawara ta yi kaɗan, Malam. Rabin aikin sauraro ne. Wani ya bar shan magani ba mantuwa ba ce, baƙin ciki ne ya danne shi, ko yana ɓoye kwalbar kada a gani. Wani kuma maganin ne: maganin HIV ɗin nan efavirenz kan kawo munanan mafarkai da rashin barci, yana cikin dalilan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wani maganin, dolutegravir, a kansa a 2019. Ina zai faɗa maka wannan kana ta zuba masa shawara?

Ɗalibi: Nasiha fa?

Yaya Nas: A'a, ƙanena. Wanda ya kauce hanya ake yi wa nasiha. Yaron da aka haifa da HIV me ya yi?

Baban Nahawu: Shawara da nasiha duk aron Larabci ne. Tun bara nake cewa JINYAR ZUCI. Jinyar zuci, majinyacin zuci. Hausa tsantsa.

Tafinta: Ranka ya daɗe, majinyaci ai mara lafiyan ne. Kuma za a nufi wajen likitan zuciya.

Baban Nahawu: Zuci daban, zuciya daban! Ku 'yan fassara kun kashe harshen nan. Ƙanjamau da ta zauna daram, Bature ne ya ba ku?

Yaya Nas: Ita ce ma ta fi ciwo, Baba. Mai shan magani kan lokaci ba ya ƙanjamewa, amma sunan na nuna shi da yatsa.

Ɗan Nijar: Mu dai sida muke cewa, babu rigima.

Baban Nahawu: Faransanci ke nan! Wai babu rigima.

Mai Shiri: Jama'a, kalma ɗaya na roƙa. Zan ce "zaman sauraro da shawara" a farko, daga nan in riƙa cewa "zaman".

Yaya Nas: Ya yi. Kada dai ki ce taɓin hankali.

Baban Nahawu: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Amma je ki. Ki saka jinyar zuci ko sau ɗaya, mu ji me masu kira za su ce.